ZAƁEN KWAMFUTAR DA ZA TA KOYA WA ƘANNENMU TUƘIN JIRGIN SAMA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Kamar yadda kowa ya sani, a taronmu na bara mun amince cewa daga cikin kuɗin da muke tarawa za a saya wa ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta wannan makaranta kwamfuta guda, wadda za a ɗora wa manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama. Kwamitin da aka naɗa ya nemi in yi bayani a gaban jama'a kafin a taɓa ko kwabo, saboda aikin da nake yi a ma'aikatarmu ya shafi saye da kula da kwamfutoci. Ni ba matuƙin jirgi ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai sha'awar abin. Kuɗin nan kuwa gumin mutane ne. Akwai malamin firamare a cikinmu da ya cire daga albashinsa, akwai ɗan kasuwar da ya cire daga jarinsa. In muka sayi abin da bai dace ba, zai zama kayan kallo a ofishin shugaban makaranta, an lulluɓe shi da zane, kuma da wuya a sake samun wanda zai ba da gudummawa in an nema.

MENE NE AMFANIN ABIN?

Wani zai ce, wasa kawai za mu saya wa yara da kuɗinmu? Tambaya ce da ta cancanci amsa. Koyon tuƙin jirgi a ƙasa ya daɗe. Tun a shekarar 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera akwatin da mutum zai shiga ya koyi sarrafa jirgi ba tare da ya bar ƙasa ba, kuma da irin wannan akwati aka horar da dubban matuƙa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mu ma nan Arewa ba baƙin jirgin sama ba ne. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A shekarar 1964 aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda take horar da matuƙa da injiniyoyin jirgi da masu ba jirage hannu daga hasumiya. Ga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga Jami'ar Tarayya a nan Dutsin-Ma tun 2011. Amma yaro nawa ne daga garuruwanmu ya taɓa ganin cikin ɗakin matuƙi, balle ya sa wa ransa cewa wata rana shi ne zai zauna a ciki?

Da wannan manhaja, yaro zai tashi da ƙaramin jirgi daga filin Katsina, ya fuskanci kudu, ya bi ta saman Kurfi, ya hango Dutsin-Ma da ruwan madatsar Zobe, sannan ya juya ya koma ya sauka. Kafin ya iya yin haka dole ya karanta taswira, ya san ma'aunin kusurwa, ya lissafa nisa da gudu da man da zai ƙone, ya fahimci dalilin da ya sa jirgi yake buƙatar doguwar hanya kafin ya tashi a ranar da ake tsananin zafi. Malami yana iya cika sararin da hazo irin na hunturunmu, ya ce wa yaro ya sauka da agogunan jirgi kaɗai. Ashe ke nan Lissafi da Fiziks da Labarin Ƙasa da Turanci duk sun haɗu a kujera ɗaya. Sai dai in ja kunnen ƙannenmu tun yanzu: wannan ba ya ba mutum lasin tuƙi. Lasin yana hannun hukuma, bayan horo a makaranta irin ta Zariya, ita kuwa sai da sakamako mai kyau a Turanci da Lissafi da Fiziks.

A FARA ZAƁEN MANHAJA

Ba a ɗinka riga kafin a auna mai ita. Manhajar da za a yi amfani da ita ce take faɗin irin kwamfutar da za a saya. Manya guda uku ne.

Ta farko ita ce Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982. Fitowar 2020 da ta 2024 su ne ake yayi, kuma babu mai kyawun hoto kamarsu, domin da hotunan tauraron ɗan'adam suke shimfiɗa ƙasa. A cikinsu har akwai ƙaramin jirgin nan Diamond DA40, irin wanda ake koyarwa da shi a Zariya. Amma fitowar 2024 tana ɗauko yawancin kayanta ne daga intanet a daidai lokacin da ake tuƙi. Kamfanin ya ce mafi ƙarancin gudun intanet da take buƙata megabit 10 ne a daƙiƙa, abin da ya fi dacewa megabit 50. Ku yi lissafi: in aka ja megabit 50 babu tsayawa na awa ɗaya, gigabait 22 da rabi ke nan. Ba kullum take cinye haka ba, amma ko kashi ɗaya cikin goma ne, wa zai riƙa sayen wannan data duk mako? Fitowar 2020 ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin tana zama a cikin kwamfuta, tana neman wuri na gigabait 150, kuma tana iya aiki ko an kashe hotunan intanet, sai dai ƙasar ba za ta yi kyau sosai ba.

Ta biyu ita ce X-Plane, wadda fitowarta ta 12 ta zo a ƙarshen 2022. Masana suna yaba ta saboda yadda take lissafa bugun iska a kan kowane sashe na fiffike. Lokacin ɗora ta mutum yana iya zaɓen yankin duniyar da yake so, alal misali Afirka ta Yamma kaɗai, ya bar saura. Akwai ta gwaji kyauta, wadda take ba da minti 15 na tuƙi.

Ta uku ita ce FlightGear, wadda masu sa kai daga ƙasashe dabam-dabam suke ginawa tun wajen 1997. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi, tana aiki babu intanet da zarar an sauke taswirar yankin, kuma ba ta da cin ƙarfin kwamfuta kamar sauran. Hotonta bai kai nasu ba, amma agogunan jirgi da dokokin tashi da sauka duk suna nan.

Shawarata ga kwamiti ita ce a fara da FlightGear, a gwada X-Plane, a sayi kwamfutar da za ta iya ɗaukar X-Plane 12 ko Flight Simulator ta 2020 ba tare da wahala ba.

ME AKE NUFI DA TAFIYA SUMUL?

Hoton da ke motsi a allon kwamfuta jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri. In kwamfuta tana fitar da hotuna 30 a kowace daƙiƙa babu yankewa, ya isa tuƙin jirgi, domin jirgi a sama ba ya juyi kwatsam kamar motar tsere. Abin da yake ɓata tuƙi shi ne hoto ya riƙa tsayawa yana fizga, musamman gab da sauka, lokacin da gine-gine da fitilu da motoci suka cika allo. Yaro ya ja sanda, jirgi bai amsa ba sai bayan rabin daƙiƙa, sai ya ƙara ja, jirgi ya daki ƙasa. Saboda haka abin da muke nema shi ne hotuna 30 zuwa 40 masu ɗorewa. Masu talla za su ce tasu tana ba da 120. Kada wannan ya ruɗe mu.

SASSAN KWAMFUTA HUƊU

Ku ba ni dama in kwatanta da ofis, tunda shi na fi sani.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ce babban jami'in da kowane fayil yake bi ta teburinsa. Furosesa ta zamani tana da ma'aikata da yawa a ciki, shida ko takwas ko goma sha shida. To amma a manhajojin tuƙin jirgi akwai babban aiki guda da yake kan wuyan ma'aikaci ɗaya, sauran kuwa jiran sa hannunsa suke yi. Duk wanda ya taɓa bin fayil a sakatariya ya san cewa in mai sa hannu yana da nawa, yawan akawu ba ya hanzarta komai. Don haka furosesa mai ma'aikata shida masu sauri ta fi tsohuwa mai goma sha biyu masu nawa. Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD ko Core i5-12400 ta Intel, kowace tana da shida, kuma ba su da cin wuta sosai. Wanda yake da hali yana iya neman waɗanda sunansu ya ƙare da X3D, kamar Ryzen 7 5800X3D ta 2022 ko 7800X3D ta 2023, saboda suna da babbar ma'ajiya a jikinsu da take rage fizgar hoto. A nan nake gargaɗin kwamiti game da sunan i7. Mai sayarwa zai ce, "Ranka ya daɗe, i7 ce fa." A tambaye shi ta wace shekara. Core i7 ta 2013 ba ta kama ƙafar Core i5 ta 2022 ba. Bugu da ƙari, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar furosesar Intel da ta girmi zubi na takwas a hukumance.

RAM ita ce faɗin teburin jami'in. In tebur ƙarami ne, sai an riƙa mayar da fayil kabad ana ɗauko wani, aiki ya tsaya. Fitowar 2020 ta nemi gigabait 8 a mafi ƙaranci, 16 a matsayin abin da ya dace. Fitowar 2024 ta ninka, 16 da 32. Mu nemi 32 in kuɗi sun kai. In ba su kai ba, a sa 16, amma a tabbatar an bar gurbin ƙari a kan allon uwa. Kuma a sa guda biyu masu girma ɗaya, wato 8 da 8 ko 16 da 16, domin biyu suna aiki tare da sauri fiye da ɗaya.

Katin hoto shi ne mai zane, kuma shi ne zai ci kaso mafi tsoka na kuɗinmu. Shi yake zana gajimare da ƙasa da inuwa sau talatin a daƙiƙa. Yana da tasa ma'ajiyar dabam, kuma kada a sayi wanda tasa ta gaza gigabait 8. RTX 3060 mai gigabait 12 ko RTX 4060 mai gigabait 8 sun ishe mu. Wani abin lura shi ne girman aikin kati ya dogara ga allon da aka haɗa masa. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Allon da ake kira 4K yana da fiye da miliyan takwas, ninki huɗu ke nan. Wanda ya sayi babban talabijin na 4K ya haɗa da matsakaicin kati ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Allo mai inci 24 ko 27 na ɗigo 1080 shi ne daidai da mu. Kwamfutocin ofis da ba su da katin hoto na musamman ba za su iya wannan aiki ba, ko da sababbi ne fil a kwali.

Na huɗu shi ne ma'ajiyar dindindin, wato rajistar ofis inda fayiloli suke kwana. A sayi SSD mai terabait ɗaya. Tsohon faifai mai juyawa ya fi araha, amma zai sa yara su zauna suna kallon allo minti da yawa kafin jirgi ya bayyana, kuma rabin lokacin darasi ya tafi.

Sai sandar tuƙi. Da madannai kaɗai ba a koyon sauka. Sanda guda mai sauƙin kuɗi irin Logitech Extreme 3D Pro, wadda ake murɗawa don juya wutsiyar jirgi kuma tana da abin ba da wuta a gindinta, ta isa a fara. Feda da sitiyarin jirgi su jira wata shekara.

ABIN DA MASU TALLA BA SU SAN DA SHI BA

Jama'a, a nan ne zancen yake. Duk shawarar da za ku gani a mujallun Turai an rubuta ta ne don mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa, ɗakinsa da sanyi, iskarsa babu ƙura. Mu kuwa muna da abokan zama uku.

Na farko wuta. Katin RTX 4090, wanda ya kasance sarkin katuna lokacin da ya fito a 2022, shi kaɗai yana jan wat 450. RTX 3060 yana jan 170, RTX 4060 kuwa 115 kacal. Kwamfutar da na kwatanta, haɗe da allonta, ba za ta wuce wat 350 ba. Batir na inbata mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da wat 2,400 na awa ɗaya a lissafi, amma irin batir ɗin nan mai ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Saura 1,200 ke nan, wato kimanin awa uku na darasi. Da babbar kwamfuta mai jan ninki biyu, awa ɗaya da rabi an gama. Kun ga ƙaramin kati ya fi yi mana amfani ko da an ba mu babban kyauta. Dole ne kuma a ware kuɗin UPS da sitabilaiza tun farko, saboda ɗaukewar wuta kwatsam da dawowarta da ƙarfi su ne suke ƙona kaya. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar shi ma a sayi na kirki mai wat 550 zuwa 650. Nan ne masu haɗa kwamfuta suka fi rage kuɗi, domin mai saye ba ya dubawa, kuma in ya lalace yakan tafi da sauran sassa. Araha ba ta ado.

Na biyu zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin garuruwanmu yakan kai digiri 40. Furosesa in ta kusa digiri 95 zuwa 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai ka ga kwamfutar da ta yi lafiya da safe tana fizga da azahar. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake roƙon kwamiti kada ya sayi laftof. Jikinta matsattse ne, fankarta ƙarama, kuma ba a iya sauya mata kati in ya tsufa. Ga shi kuma tana shiga jaka. A sayi kwamfutar tebur mai faffaɗan akwati da fanka biyu a gaba, ɗaya a baya, a ajiye ta a ɗakin da iska take ratsawa, a riƙa darasi da safe ko da yamma.

Na uku ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana shigo da ƙura ta kowace kafa, fankar kwamfuta kuma tana zuƙe ta. In ta taru sai ta zama kamar bargo a kan sassan, zafi ya ƙaru. A ɗora akwatin a kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa, a nemi mai raga a gaba, a rufe shi in an kashe, a buɗe a hure shi sau ɗaya a wata lokacin hunturu. Wannan aiki ɗalibai ne za su yi a gaban malami, shi ma darasi ne.

YADDA ZA A YI SAYAYYAR

A ofis ba ma sayen kaya sai an karɓi farashi daga wurare uku, kuma ina ganin kuɗin ƙungiya sun fi cancantar wannan tsari. A rubuta sunan kowane sashe da lambarsa a takarda, a kai wa masu sayarwa a Katsina da kuma Kano, inda ake da shagunan kwamfuta da yawa a titin Beirut, kowa ya rubuta farashinsa. Kada a karɓi "makamancinsa" sai kwamiti ya zauna. Kayan hannu ba laifi ba ne, musamman furosesa da RAM da akwati, waɗanda ba su cika lalacewa ba. Katin hoto na hannu kuwa sai an yi hattara, domin wasu an yi shekaru ana haƙar kuɗin intanet da su dare da rana. Gani ya kori ji: a tafi da FlightGear ko X-Plane ta gwaji a filas, a ɗora a shagon, a bar jirgi yana tashi na rabin awa, a duba yawan hotuna a daƙiƙa da zafin kati, a saurari ƙarar fanka. Mai kaya na gari ba zai ƙi ba. SSD da akwatin wuta da batir kuwa a saye su sababbi. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kowane sashe, a ba ma'ajin ƙungiya kwafi, a ba makaranta kwafi.

Game da rabon kuɗin, ga ra'ayina: in an kasa su kashi goma, shida su tafi ga kwamfutar kanta, biyu ga wuta, ɗaya ga allo da sanda, ɗaya kuma a ajiye don gyara. In kuɗin ba su kai ba bana, kada mu ci bashi kuma kada mu sayi rabin abu. A sayi sanda da ƙarin RAM da matsakaicin kati a sa wa mafi kyawun kwamfutar tebur da makaranta take da ita, in akwatinta da wutarta za su ɗauka, a fara da FlightGear, a cika saura baɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na ƙarshe, ina roƙon Shugaban Makaranta ya ba mu malami guda da zai riƙe makullin ɗakin da littafin sunaye, a tsara lokaci aji-aji, 'yan mata su sami nasu rabon daidai da maza, kuma kowane yaro ya kawo lissafin tafiyarsa a rubuce kafin ya taɓa sanda. Mu kuma tsofaffin ɗalibai, a taron baɗi mu nemi a kawo mana littafin nan mu ga yara nawa suka zauna a kujerar.